Wankin adaka kafin ciniki

A gidan da na tashi, a ƙasar Tudun Wada kusa da dajin Falgore, bindiga ba ta kwana da datti. Kawuna, yayan mahaifiyata, maharbi ne. Ko tsakar dare ya dawo daga dawa, in dai ya yi harbi, ba ya kai loma baki sai ya ce, "Kai yaro, ɗora ruwa." Ni ne ɗan hura wuta, ni ne mai yayyaga tsumma.

Dalilinsa a fili yake. Albarushin gargajiya in ya ƙone yakan bar baƙar dauɗa a cikin bututu, dauɗar kuwa tana da gishiri-gishiri mai jawo laima. Da damina, dare ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Sai ya zuba ruwan zafi ya zubar, ya sake zubawa, har ruwan ya daina fitowa baƙi. Zafin da ƙarfen ya ɗauka shi ke busar da shi. Daga nan sai mai, ɗan kaɗan a jikin tsumma. Man gyaɗa bai taɓa yarda da shi ba, ya ce danƙo yake yi, in hunturu ya zo ya tara ƙura. Man keken ɗinki yake saye a wurin tela, a 'yar ƙaramar kwalba.

Akwai wani tsagi da ya yi da wuƙa a jikin sandar da yake ɗuri da ita. Kafin kowa ya taɓa bindigar, ko shi kansa, sai ya zura sandar. In tsagin ya yi daidai da bakin bindiga, babu komai a ciki. In ya tsaya a sama, akwai ɗuri. Ko shi ya wanke ta jiya da hannunsa, yau sai ya sake zurawa, bakinta kuma yana kallon bangon ƙasa, ba ƙofar ɗaki ba.

A 1984, shekarar da gwamnatin soja ta Buhari ta yi canjin kuɗi, fari ya riga ya taɓa gonaki, hatsi ya yi tsada, idon Kawu kuma ya fara yana. Ya ce zai sayar da adakar. Na ɗauka gogewa kawai zai yi ya kai ta kasuwa. Ashe wankin sayarwa daban yake da na kullum.

Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance ta gaba ɗaya, ya raba bututun da katako. A ƙasan bututun, inda katako ke riƙe laima ido ba ya gani, muka tarar da tsatsa ta yi ɗigo-ɗigo. Ya murje ta da toka mai laushi har ƙarfen ya fito fari, ramukan da tsatsar ta ci suka bayyana sarai. Cikin bututun kuwa ba a iya leƙawa, tunda gindinsa a toshe yake. Sai ya ba ni guntun madubi, ya ce in taro rana in jefa hasken ciki. Ya kanne ido ɗaya ya daɗe yana kallo. Da ya ga idon ba zai ba shi gaskiya ba, sai ya naɗa farin tsumma a kan sanda ya tura a hankali, yana sauraron hannunsa. Inda tsumman ya ɗan sarƙe, ya sa gawayi ya yi alama ta waje.

Washegari muka kai wa maƙeri. Ya rataye bututun da zare, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe, ya kara kunne. Ƙarar ta fito tas, ta ɗan jima tana amo. Ya ce, "Babu tsagewa, Malam. Amma ta tsufa, kada a cika mata ciki."

Wani dillali da ya ji labari ya zo har gida. Da ya ga ramukan tsatsa a fili, sai ya riƙe baki.

"Haba Baba, ka ɓata kayanka da hannunka. A shafe nan da baƙin mai, katakon a sa masa man goge takalmi, wa zai gani?"

Kawu ya ce, "Wanda zai kara ta a kumatunsa shi zai gani, ranar da ba ka nan."

Dillalin ya san abin da ake nufi, duk ƙauyen an sani. Ba a daɗe ba wani saurayi a maƙwabtanmu ya sayo bindiga mai sheƙi a kasuwa, ashe an like tsagewarta da dalma an bi da baƙin mai. A farautarsa ta farko ta tarwatse. Na ga hannun da idona bayan ya warke, babban yatsa da manuni babu, kuma manomi ne mai mata da ɗa. Wanda ya sayar masa ba a sake ganinsa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin mutumin nan ya san abin da ya rufe.

An yi cinikin a zauren mai unguwa, Sarkin Baka yana zaune. Mai saye wani maharbi ne matashi da kowa ya san ubansa. Kawu bai bari ya taya ba sai da ya nuna masa ramukan ɗaya bayan ɗaya, da alamar gawayi, ya maimaita maganar maƙeri, ya ƙara da cewa kunamarta ta yi laushi, ba ta son wasa da yatsa. Saurayin ya taya ƙasa da abin da ake zato. Kawu ya ce albarka, aka ɗan ƙara, ya ce ya sallama. Sarkin Baka ya tuna musu batun takarda, tunda dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kawu ya haɗa masa da sandar mai tsagi da ragowar man keke, ya kuma sa shi ya kwance ta ya mayar a gaban mutane.

Yanzu bindiga ta yi yawa a karkara fiye da yadda muka sani. Rashin tsaro ya sa samari da yawa sun shiga sintiri, kuma ba na raina musu. Mafarauta da irin waɗannan bindigogi suka taimaka aka ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014. Abin da ke damuna shi ne abin da nake gani a kafaɗar yaran: bututu ɗaure da robar taya, baki ya yi ja da tsatsa, an saye ta hannu da hannu ba wanda ya buɗe cikinta. Wasu a ɗure suke rataye ta a ɗakin da yara ke kwana. Da na je gida daminar da ta wuce, na tambayi wani ɗan ƙanena yaushe rabonsa da wanke tasa. Ya ce ai wanda ya sayar masa ya ce ruwa ɓata bindiga yake yi. Na sa aka ɗora tukunya, na aike shi wurin tela ya sayo mai.