Marufin Kwalba Ma Jari Ne

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni kuwa tun da na san tarihin wani dattijo mai suna El Anatsui, sai na ga ashe wani lokaci hakin nan shi ke buɗe idon. Wannan bawan Allah ya shahara a duniya ne da abin da kowa ke takawa ya wuce, wato marufin kwalba, kuma mafi yawan aikin a ƙasarmu ya yi shi. Shi ya sa na ga ya dace in gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai labarinsa, tare da abin da na tsinta a ciki.

An haifi Anatsui a shekarar 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta na ƙasar Gana. Ya karanci fasahar sassaƙa a jami'ar Kumasi, ya koyar a Winneba, sannan a 1975 ya zo Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda ya yi ta koyarwa har zuwa 2011. Tun farko bai yarda cewa sai da kayan Turai ake aikin fasaha ba. A Gana ya fara ne da farantan katako waɗanda mata ke kasa kaya a kansu a kasuwa, yana yi musu ado da ƙarfe mai zafi. Da ya zo Nsukka ya kama yumɓu, daga baya ya koma katako yana yanka shi da zarto mai inji. Har murafun gwangwanin madara da tsofaffin ƙarafan gurza rogo bai bari ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ne ya tsinci wani buhu cike da murafun kwalabe da aka yar. Ya ajiye su na tsawon lokaci kafin dabara ta zo masa. Akan miƙar da kowane marufi, a yanka, a huda, sannan a ɗinke shi da ɗan'uwansa da wayar jan ƙarfe. Idan dubbai suka haɗu sai su zama wani makeken mayafi mai ƙyalli, wanda daga nesa za ka rantse zanen sarauta ne. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, matasa da dama ne ke taya shi wannan ɗinki.

Mai karatu zai iya cewa, to ai murafun nan na kwalaben giya ne. Haka ne, kuma shi kansa bai ɓoye ba. Ya bayyana cewa giya tana cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, saboda haka kowane marufi yana ɗauke da guntun wannan tarihi mai ɗaci. A 2007 an lulluɓe gaban wani tsohon gini da aikinsa a baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya, kuma a 2015 aka ba shi babbar lambar girma ta wannan baje koli. A 2023 kuma ya cika katafaren zauren gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kullum a nan Kudu ina ganin samari, da yawansu Hausawa, suna tura baro suna tsintar ƙarfe da gwangwani, jama'a na kallon su a wulaƙance. Amma dubi sunan sana'ar: bola jari. Wanda ya haɗa waɗannan kalmomi biyu ya riga ya faɗi abin da Anatsui ya shafe shekaru yana nuna wa duniya. Haka kuma maƙeranmu sun daɗe suna ƙera fitilar a-ci-bal-bal da gwangwani, ana yin takalmi da tsohuwar taya, yara na ƙera motar langa-langa. A ganina, abin da Anatsui ya ƙara shi ne haƙurin tarawa, da tsarawa, da kuma yarda cewa abin ya isa a nuna wa kowa.

To, mu ɗaliban harshe ina namu murafun? Suna nan a Sabo da tasha da kasuwar shanu da bakin masu tura baro. A waɗannan wurare Hausa tana gogayya da Yarabanci da Ibo da Turancin Buroka, tana aro, tana ba da aro, tana haifar sababbin kalmomi. Da yawa daga cikinmu kan kira wannan gurɓatacciyar Hausa, su kau da kai. Idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, sai ka ga an koma kan batutuwan da aka sha yi, alhali ga ɗanyen abu a ƙofar makaranta ba mai ɗauka. Kalmar da ba a rubuta ba kuwa, ranar da masu faɗin ta suka tashi, ta tafi ke nan.

Ni dai na ware ɗan littafi, duk kalmar da na ji a irin waɗannan wurare sai in rubuta ta, da inda na ji ta, da abin da ake nufi da ita. Kalma ɗaya ba ta fi marufi ɗaya ba, amma idan kowannenmu ya tara nasa muka ɗinke su da nazari, za mu bar wa na baya abin da babu shi a ƙamus. Allah Ya ba mu haƙurin tarawa, amin.