Da C Na Fara, Amma Python Nake Nuna wa Ƙannena

Na shiga koyon rubuta manhaja ne ta kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan yake koyarwa, kuma tun 2012 ake iya yinsa kyauta ta intanet a dandalin edX. Darasin farko da Scratch ne, inda kake jera tubalan umarni masu launi. Daga nan sai a jefa ka cikin C, yaren da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970.

A nan na sha wuya. C ba ya yafe komai. Ka manta alama guda a ƙarshen layi, ya ƙi tashi. Ka nemi gurbi a ma'ajiyar kwamfuta, kai za ka mayar da shi da hannunka. Aikin gida na farko da ya hana ni barci shi ne na zana matakala da alamar #, abin da ko layi ashirin bai kai ba. Da tsakar dare nake sauke bidiyon darasi lokacin da data take araha, in kalla da rana gwargwadon cajin da na samu, kuma duk bayanin Malan yana shiga kaina sarai. Sai na buɗe shafi fari in rubuta nawa, hannuna ya tsaya cak. A nan na gane cewa kallo daban, iyawa daban. Wanda ya zauna a gefen tela shekara guda bai zama tela ba sai ƙafarsa ta taka keke.

Da kwas ɗin ya kai ga Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, sai na ga abin da na kwana ina fama da shi ya koma layi uku ko huɗu. Na ji daɗi ƙwarai, domin na san abin da ke gudana a ƙarƙashin kowane layi. Wannan bashi ne da C yake bina har gobe.

Duk da haka, ba C nake nuna wa ƙannena ba. Na ga abokai masu kaifin ƙwaƙwalwa sun ajiye karatun a makon da aka shiga batun ma'ajiya, suna cewa kansu ba zai ɗauka ba, alhali lokaci da wuta ne suka yi musu ƙaranci. Mai aikin yini ko ɗalibin da ke aron kwamfuta yana buƙatar ya ga abinsa ya yi aiki da wuri. Irinsa nake tura wa kwas ɗin Python for Everybody na Charles Severance, malami a Jami'ar Michigan. Wanda shafukan intanet ne burinsa, ya kama JavaScript a freeCodeCamp.

Idan kana da sarari da juriya, ka shiga CS50 ka daure wa C. Idan babu, ɗauki Python yau ɗin nan, ka yi rajistar kwas guda, kuma kada ka buɗe bidiyo na gaba sai ka rubuta aikin na baya da kanka.