Wai kifi na zo karantawa

Duk hutu sai Kawu ya tsare ni: "Kai, da gaske kifi ka je Legas karantawa?" Dariya kawai nake yi, amma abin yana min ciwo. Likitanci na nema aka ba ni kimiyyar teku, ni da ruwan Tiga ne iyakar sanina.

Makon jiya 'yan ajin ƙarshe suka yi baje koli kan kifin shak, wanda muke gani a fim yana cinye mutane. Na shiga ne don an ce akwai lemo, ba zan ɓoye muku ba. Sai ga muƙamuƙinsa a kan tebur, haƙora layi-layi, wani ya faɗi na baya ya matso. Jikinsa babu ƙashi, duk guringuntsi ne. Fatar na shafa, kamar sanfefa.

Lissafin ne ya tsayar da ni. Mutanen da shak ke kashewa a duniya ba su cika wuce goma a shekara ba. Mu kuwa, an ƙiyasta muna kashe kusan miliyan 100, da yawa saboda fiffikensa da ake miya da shi a Asiya. Ga shi ba ya haihuwa da wuri.

Abokina ɗan Ilaje yana gefena. Ya ce babansa masunci ne, yanzu sai ya nausa can cikin teku, man injin ya kusa ƙarewa, kafin ya ga babban kifi. Da kuɗin kifin nan ake biya masa makaranta.

Na ɗauki hoton muƙamuƙin na tura wa Kawu. Amsarsa ɗaya: "Ana cinsa?"