Wa Zai Sayi Ƙungiyarmu?

Da labari ya iso mana Wurno cewa Umar Sadiq, ɗan wasan gaban Super Eagles, ya haɗa hannu da ɗan majalisar wakilai Bello El-Rufai sun karɓi ragamar Ranchers Bees ta Kaduna, yawancin yaranmu ba su ma san sunan ƙungiyar ba. Sun buɗi ido da Chelsea da Barcelona a gidan kallo. Manyanmu da suka yi zamanin kara rediyo a kunne su ne suka gyara zama. Suka tuna mana cewa a 1988 Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu, CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta da ƙyar, kuma a 1989 ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. Daga nan ta yi ta gangarawa har ta zauna a ƙaramin rukuni, inda ba a nuna wasa a talabijin. Sai ga ɗan Kaduna da ya bi ta Roma da Almeria har Real Sociedad a Sifaniya, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla tare da abokansa a Rio a 2016, ya waiwayo gida da kuɗinsa.

Wani daga cikinmu ya ce, "To ai Wrexham ce ta zo Kaduna."

Duk mun gane abin da yake nufi, don mun kalli shirin, ko da yake guntu-guntu ne. Mai data ya sauke, ya tura wa saura a waya, mai jin Turanci ya riƙa yi mana tafinta. Wrexham gari ne a arewacin Wales, ƙungiyarsa kuma tun 1864 aka kafa ta. A 2008 ta faɗo daga rukunonin ƙwararru huɗu na Ingila zuwa na biyar, ta yi shekara 15 a can. A Fabrairun 2021 'yan fim biyu, Ryan Reynolds ɗan Kanada da Rob McElhenney ɗan Amurka, suka karɓe ta da alkawarin zuba fam miliyan 2. A Agustan 2022 aka fara nuna Welcome to Wrexham, shirin da ke bin 'yan wasa da mutanen gari da kyamara, ba tare da an rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba. Ta haura rukuni a 2023, ta sake haurawa a 2024, ta kuma haurawa a 2025. Yanzu tsakaninta da Firimiya tsani ɗaya ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda aka faro. McElhenney bai taso da son tamaula ba. A zaman kullen korona ya kalli Sunderland 'Til I Die, shirin Netflix kan wata ƙungiya mai faɗuwa da garin da ke faɗuwa tare da ita, sai tunanin sayen ƙungiya da na yin fim a kanta suka zo masa lokaci guda. Mu manoma ne, mun san wanda ya sayi gona ya riga ya san abin da zai shuka. Su labari suka shuka. Labarin ya jawo TikTok a gaban riga, daga baya kamfanin jiragen United Airlines. Kuɗin masu gida kuma ya sa Paul Mullin, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a rukuni na huɗu, ya bar Cambridge United da ta haura na uku, ya sauko na biyar. A kakar 2023 Wrexham ta tara maki 111. Notts County, wadda ta girme ta da shekara biyu, ta tara 107, amma sai da ta bi ta wasannin cike gurbi kafin ta haura. Mun tausaya mata. Duniya ta san ta ne a matsayin abokiyar gabar jarumi.

Sai dai akwai abin da masu cewa "Allah Ya kawo mana namu Reynolds" ba su cika lura da shi ba. Waɗannan taurari ba su tarar da ƙungiyar a yashe ba. Tun 2011 tana hannun ƙungiyar magoya bayanta, mutanen da suka taɓa yin karo-karon sama da fam dubu 100 cikin kwana guda don kada a kore ta daga gasa. Da masu kuɗi suka zo, sai da suka zauna gaban waɗannan mutane ta intanet suka yi bayani, tamkar mai neman aure gaban waliyyai, aka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 98 cikin 100 suka yarda. Akwai rajista, akwai filin Racecourse, akwai masu cewa a'a idan sun ga dama.

Idan yau wani tauraron Kannywood ko wani ɗan ƙwallon Turai ya biyo hanyar Achida ya ce ya zo sayen ƙungiyarmu, me za mu miƙa masa? Filin na makaranta ne, aro muke yi bayan an tashi. Turakun raga wani mai walda ya haɗa mana, har yanzu da sauran kuɗinsa. 'Yan wasanmu noma ke tsara musu kaka: in aka shiga dashen albasa ko cirar tafarnuwa, ko shinkafar fadama ta nuna, ba ka samun mutum 11 a fili. In rani ya yi, rabinsu sun tafi Legas ko Abuja ci-rani, golanmu mafi kyau yana can yana tura baro. Sunan ƙungiyar ma sau uku yana canzawa a iya saninmu, ya danganta da wanda ya ɗinka riguna.

Rigunan nan su ne tarihinmu. Kowace kakar zaɓe sai wani mai neman kujera ya sa kofi, ya raba riguna da hotonsa a ƙirji, a kira makaɗa ranar buɗewa. Akwai wata gasa da muka kai wasan kusa da na ƙarshe, muka fitar da wata ƙungiya daga ɓangaren Rabah a bugun fenareti, ɗan bayanmu ya karye a ƙafa a wasan. Aka yi zaɓe kafin ranar wasan ƙarshe. Mai kofin ya faɗi, wayarsa ta daina shiga, kofin kuma ba mu sake ganinsa ba. Mu muka yi karo-karon kuɗin ɗori. Kayan aro ba ya rufe katara, amma rigunan muna nan muna sawa, mun juya cikinsu waje.

Abin bai tsaya a ƙauye ba. Manyan ƙungiyoyin Arewa, Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists da tamu Sokoto United mai wasa a filin Giginya, duk na gwamnatocin jihohi ne, ƙarfinsu yana bin sha'awar wanda ke kan kujera. Masu zaman kansu kuma mun ga yadda ta kaya da su a baya. Leventis United ta Ibadan ta yi abin da ya fi na Wrexham: ta ci rukuni na uku a 1984, na biyu a 1985, ta zama zakarar ƙasa a 1986. Abiola Babes ta MKO Abiola ta ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987. Kafin 1990 duk biyun sun watse, don masu su sun janye hannu, kuma babu wasu da ke da hurumin cewa a'a. Yanzu ga Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hau babban rukuni a 2025, ga Ahmed Musa ya dawo Pillars bayan ya zaga Rasha da Ingila da Saudiyya. Muna musu fatan alheri, har da Ranchers Bees. Tambayar da muke yi a kan Kaduna ita ce, ranar da Sadiq ya rataye takalmi, ko siyasa ta juya wa abokin tafiyarsa baya, akwai wani littafi ɗauke da sunayen magoya bayan da za su riƙe ta?

Wani dattijo da ke zama da mu, tsohon ɗan kokawa ne, bai yarda cewa Turawan sun zo da sabon abu ba. Ya ce, "Ku yara, mi as sabo cikin wanga? Mu ma muna da masu kai labari nesa." Ya kawo misalin Ɗan Anace da Shago. Mutane nawa ne suka ga damben Shago da idonsu? Amma kaset ya kai sunansa har Nijar da Gana, ga shi yau jikoki suna saurare a waya. Muka ce, "Gaskiya ne, Baba." Ya ƙara da cewa kada mu manta, makaɗi ubangidansa yake wa waƙa. Nan ma bai yi kuskure ba, don masu Wrexham suna cikin masu shirya fim ɗin Wrexham. Sun yi adalci a wurare da dama. Sun ba da kashi guda ga hatsarin mahaƙar kwal ta Gresford, inda mutum 266 suka mutu a 1934, kuma wannan kashi ya sa majalisarmu ta yi tsit. Amma ɗan wasan da ya yi wahala a rukuni na biyar, aka sallame shi da ƙungiya ta haura don an sayo wanda ya fi shi, 'yan mintuna yake samu, sai kyamara ta bi sabon.

Mu kuwa mun san lokacin da kyamara take zuwa mana. Ta zo a 2010 da ruwan Rima ya ci garuruwa da gonaki a ƙasan madatsar Goronyo. Ta zo a Oktoban 2021 da 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutum sama da 40. Ta zo a Agustan 2025 da kwalekwalen masu zuwa wannan kasuwa ya kife. Ku rubuta Goronyo ko Rabah a wayarku ku ga abin da zai fara fitowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kwance a Wurno tun 1837, a Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, amma ɗan Kano da bai taɓa zuwa ba, adadin gawa ya sani game da mu. Shi ya sa shirin Wrexham ya taɓa mu fiye da yadda ya kamata wasan wani gari mai sanyi ya taɓa mu. Mun ga an zauna da mai sayar da abinci a bakin fili, an tambaye shi yadda ya kwana, ba tare da wani ya mutu ba.

Duk da haka, da aka kawo shawarar mu ma mu riƙa ɗaukar wasanninmu muna sakawa a TikTok da YouTube, ba kowa ya yi murna ba. A Wales shahara tana kawo baƙi masu sayen riga. A nan tana iya kawo baƙin dare. Mahaifin da aka nuna ɗansa ya ci kyautar babur a gasa, ya san ba masoya kaɗai ke riƙe da waya ba. Tauraron da muke mafarkin ya saye mu, da wuya ya kwana a garin, sai dai ya zo da motocin rakiya ya yanka kyalle ya koma Sakkwato kafin magariba. Mu kanmu idan 'yan Goronyo za su zo, ana sallame la'asar muke take wasa, wani lokaci mu rage mintuna, don su kama hanya da sauran rana. Wasu garuruwan gabashin Rabah da muke zuwa wasa a da, mun daɗe ba mu taka ba, wasu daga cikin 'yan wasansu ma yanzu a cikin gari suke gudun hijira, biyu sun shigo ƙungiyarmu.

Abin da aka tsaya a kai bai taka kara ya karya ba. Wani ƙanenmu mai shagon caji yana ɗaukar wasa da wayarsa, yana ajiyewa a memori, ba a sakawa a intanet sai wanda aka nuna ya yarda. An sayi littafi mai bango mai kauri, an rubuta sunayen mutum 40 da wani abu, kowa yana ba da abin da ya samu ranar Juma'a, ma'aji kuma ba ɗan wasa ba ne, tela ne. Kuɗin mai walda za a fara biya. Shafin farko har yanzu babu komai a samansa, don ba a daidaita kan suna ba: manya suna son a koma wanda aka fara da shi, yara suna son a sa "United" a ƙarshe.