Tsakanin Teku Da Gonakin Inabi

Kada mai karatu ya ɗauka albashin malamin sakandare ya fara kai mutum ƙetare. Tafiyar da muka yi zuwa Afirka ta Kudu a watan Agusta na 2019 ba da kuɗinmu muka yi ta ba. Wani tsohon ɗalibinmu ne, wanda Allah Ya ɗaukaka ya zama likita a birnin Cape Town, ya aiko mana da tikiti, mu da uwargida, wai ladan bulalar da muka yi masa a aji uku. Mako guda muka yi a gidansa, amma kwana biyu kacal aka ba shi hutu daga wurin aiki, kuma a kan kwana biyun nan ne gardama ta tashi ran Alhamis bayan sallar isha'i.

Ya shimfiɗa taswira a gabanmu ya ce, "Malam, hanya biyu ce, kuma taura biyu ba ta taunuwa. In muka ce sai mun haɗa, to gilashin mota kawai za ku gani." Ta farko ita ce ta gaɓar teku, wadda ke ratsawa tsakanin dutse da ruwa daga Gordon's Bay har zuwa Hermanus, kimanin kilomita 120 daga birni. A lokacin sanyinsu, wato daidai lokacin da muka zo, manyan dabbobin ruwan nan da Bature ke kira wel suna matsowa kusa da gaɓa su haihu, mutum na tsaye bisa dutse yana kallonsu. Ta biyu ita ce ta cikin ƙasa, Stellenbosch da Franschhoek da Paarl, kwaruruka tsakanin duwatsu, inda ake noman inabi ana yin giya da shi.

Uwargida ba ta bari ya rufe baki ba. "A'uzu billahi! Mu baro gida, mu keto gajimare, mu zo kallon inda ake matsar barasa? Ni kifin Annabi Yunusa nake son gani." Muka gyaɗa kai nan take, muka ce ai magana ta ƙare.

Amma barci ya ƙi zuwa. Teku kam tana janmu, domin mu 'ya'yan tudu ne, babban ruwan da muka taɓa gani kafin wannan tafiya shi ne madatsar Tiga. Mun kuma san cewa mutumin da ya haura arba'in, kuma alli ne jarinsa, ba ya sa ran tikiti na biyu. Abin da ya bari ya bar shi ke nan. Sai dai da muka bincika zuciyarmu, muka tarar ba tsoron Allah ne ya sa muka yi saurin gyaɗa kai ba. Ba wanda zai ɗura mana kofi a baki. Abin da muka hango shi ne ɗakin malamai, ranar da za a koma makaranta, ana miƙa hotuna hannu da hannu, wani ya ce, "Af, ashe Malam ƙasar giya ya je hutu." Bakin mutane muka ji tsoro, muka yafa masa rigar taƙawa. Ga shi kuwa likita ya faɗi wata magana yana naɗe taswira, wadda ta tsaya mana a rai: cewa a tsakiyar gonakin nan ne kurkukun da Mandela ya fito daga cikinsa yake, kuma a can aka gina wa wani harshe hasumiya.

Da asuba muka yi ta lallashi. Uwargida ta yarda, amma da sharaɗi, kuma sharaɗinta ya fi na kotu tsauri: ba shiga zauren ɗanɗano, ba cin abinci a inda ake zagayawa da kwalba, ba sayen komai a gona ko da ruwan inabi ne zalla, sa'an nan a komo ta bakin teku ko da na sa'a guda ne. Muka sa hannu.

Wanda ya ga hotunan wurin a kalanda zai yi zaton kore ne shar. Mu a hunturunsu muka je, kurangar inabi duk ta zubar da ganye, layi-layi kamar karan auduga bayan tsinka. Ana yayyafi, ga ma'aikata sun duƙa da almakashi suna yi mata aski. Su muka fi kallo. Bayansu kuma ga fararen gidajen masu gona, masu ado a goshi, kuma a harabar da yawa daga cikinsu akwai wata 'yar farar baka da ƙararrawa rataye. Likita ya ce ƙararrawar bayi ce, da ita ake tashinsu da ita ake sallamarsu. A 1659 Turawan Holand suka fara matsar inabi a wannan yanki, a 1679 suka kafa Stellenbosch, a 1688 'yan gudun hijirar addini daga Faransa suka zo aka ba su filaye a kwarin da ya zama Franschhoek. Amma hannun da ya yi aikin na bayi ne, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, kuma daga cikinsu ne Musulunci ya yi saiwa a ƙasar.

An soke bauta a 1834, sai wata ta maye gurbinta. Masu gona suka riƙa biyan leburori wani kaso na ladansu da giya, a auna musu a gwangwani sau da yawa a yini, tsarin da suke kira dop. Doka ta hana shi a 1960, amma ya ci gaba a wasu gonakin har cikin shekarun 1990. Likita ya rage murya ya ce har yanzu ana girbar abin da aka shuka, domin yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yaran da giyar da uwa ta sha da ciki ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Uwargida ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ce, "Malam, wannan ai ya fi wa'azi." Mun yi shekaru muna gaya wa yara illar barasa daga littafi, ba mu taɓa sanin an mai da ita albashi ba.

A ƙofar kurkukun da a da ake kira Victor Verster, kusa da Paarl, mun tsaya kaɗan. Nan Mandela ya fito ran 11 ga Fabrairu, 1990. Akwai mutum-mutuminsa da hannu a dunƙule, aka ɗauke mu hoto, muka wuce.

Inda muka daɗe shi ne bisa dutsen Paarl, wurin hasumiyar harshen Afirkans da aka buɗe a 1975, shekara ɗari bayan wasu Turawa sun kafa ƙungiya a garin don a mai da shi harshen rubutu. 'Yan'uwa marubuta, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mun tashi da sanin cewa Afirkans harshen masu wariyar launin fata ne, shi yaran Soweto suka ƙi a 1976 aka harbe su. Ashe kafin waccan ƙungiya, malaman Musulmi na Cape Town, jikokin bayi, suna rubuta shi da haruffan Larabci a makarantunsu. Wato ajami, irin namu. Wani malami da Daular Usmaniyya ta aiko musu, Abubakar Effendi, ya rubuta littafin fiƙihu mai suna Bayanud Din da wannan ajamin, aka buga shi a Istanbul a 1877. Muka tsaya cikin iska mai sanyi muna tuna cewa mu kanmu, da muke cin abinci da koyar da Hausa, sai mu yi zango guda ba mu rubuta wa yara baƙi ɗaya na ajami a allo ba.

Kashegari da la'asar muka cika alkawari. Kogin Eerste, wanda ya ratsa Stellenbosch, yana faɗawa teku a wani wuri da ake kira Macassar, kuma a kan tudun da ke wajen ne hubbaren Shehu Yusuf yake, malamin da Turawan Holand suka yi wa ɗaurin talala a nan a 1694 saboda ya yaƙe su a Jawa, ya rasu a 1699. Sallama da addu'a muka yi masa, kada wani ya ce mun je neman wani abu. Daga nan muka gangara bakin ruwa. Uwargida ta kafa wa teku ido, mayafinta na kaɗawa, har rana ta yi ja. Ko jelar kifi ba ta ɓullo ba.

Da muka koma makaranta, hotuna sun zaga ɗakin malamai kamar yadda muka zata. Malamin lissafi ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan busasshiyar gonar ta mece ce?" Muka ce ta inabi ce, giya ake yi da shi. Ya dube mu, ya dubi hoton, ya miƙa wa na kusa da shi. Uwargida kuwa har yau, duk ranar da aka nuno teku a talabijin, sai ta waiwayo ta ce, "Malam, ina binka kifi."