Cinikin Wufa a Ranuna

Bayan sallar isha'i na isa Ranuna, kudu da Harami, wajen Ƙuba. A kwarin da unguwar ta ci sunansa Annabi (SAW) ya yi sallar Juma'a kan hanyarsa ta shiga Madina a 622. Ni kuwa, abin kunya, wufar mota ta hannu na zo saya.

A Haraj na ga tallarta. Mai ita Bakano ne, direba, zai koma gida. Ya buɗe but: wufa inci 12 da amfilifaya Pioneer.

"Alhaji, kunna mu ji."

"A hankali, ƙanena. Tun 2019 ƙure kiɗa cikin unguwa tara ce."

Na danna fatar wufar da yatsa, ba ta gurza ba. Na sansana amfilifayar ko zan ji ƙauri, don zafin Madina cikin but kan gasa ta. Wat ɗin da ke jikin kwali ban kula shi ba, RMS na duba.

Na taya, ya yi jim.

"Cikon kuɗin tikitina ne."

Na ƙirga masa riyal ɗinsa yadda ya faɗa.