Bayani a kan Tsohuwar Aska da Haƙƙin Mai Gyaranta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ƙarfe don amfanin bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa almajiri, da kai ɗan kasuwa, ka sani aska ita ce ƙarfen farko da ke taɓa kan ɗan Musulmi ranar suna, ita ce kuma ke yi masa kaciya. Don haka mai Risala ya keɓe wa fiɗira da kaciya da aski babi guda.

Ƙasarmu ta Haɗejiya ƙasar ruwa ce. Daga Auyo zuwa Guri, laimar fadama ba ta barin ƙarfe ya huta, tsatsa tana cin aska tun tana cikin zabira. Askar da ke hannun tsofaffin wanzamai iri biyu ce. Akwai ta maƙeranmu, mai kaurin baya, wadda ake nannaɗewa cikin fata. Akwai ta Turawa mai ninkewa cikin gidanta na ƙaho ko ƙashi, daga Shafil ta Ingila ko Solingen ta Jamus, mai rarakakken ciki, bakinta kamar ganye. Tun da Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904, kasuwar wannan ta biyu take ja da baya, har ta koma abin gado.

Bayan ambaliyar 2020, wadda ta rushe gidaje ta cinye shinkafa a wannan kwari, wani maƙwabcina ɗan gidan wanzamai ya kawo mini zabirar mahaifinsa da aka tono daga ƙarƙashin katanga, da aska uku a ciki. Na fara da man gyaɗa, na bar su suka kwana biyu a jiƙe, sannan na bi su da toka da tsumma, daga baya zuwa baki. Jar tsatsa ta sama takan fita da haƙuri. Baƙar da ta yi rami a kan kaifi ita ce musiba, domin duk wasawar da ka yi, ramin zai sake ɓullowa ya zama giɓi. Kada ka kai aska wurin mai injin wasa wuƙaƙe a kasuwa. Zafin dutsensa yana kashe taurin ƙarfe. In ka ga bakin ya yi shuɗi, to ta mutu, ko da tana walƙiya. Dutse mai laushi da ruwa shi ne abokinta. Ta Turawa kuwa a kwantar da ita gaba ɗaya, baya da baki su taɓa dutse tare, domin kaurin bayan shi ke ba da gwargwadon kaifi. Daga nan sai fata, ana jan aska baya na gaba. Alamar ta kai ita ce ta ɗauke gashin dantse ba tare da an danna ba.

To, a nan nake kiranka, ya kai mai saye da sayarwa. Na ga masu goge mataccen ƙarfe har ya yi ƙyalli, su shafa mai a kan ramukan, su sayar wa sabon wanzami da sunan tsohon ƙarfe mai kyau. Wannan ɓoye aibi ne, malamanmu sun haramta shi, kuma mai saye yana da ikon mayarwa. Amma algus a hatsi dukiya yake ci, algus a aska jinin jariri yake taɓawa. Ramin tsatsa maɓoyar jini ce. Likitoci sun tabbatar ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a raye cikin busasshen jini, ƙanjamau kuma an fara ba da labarinsa a Nijeriya a 1986. Magabata ba su san wannan ba, babu zargi a kansu. Mu mun sani. A ganina, askar da za ta tsaga fata sai wadda jikinta ya yi sumul har za a iya wanke ta a tafasa bakinta bayan kowane mutum, in ba haka ba sabuwar reza ta fi ta, duk da son da nake yi wa tsohon ƙarfe.

Cikin ukun nan, guda ta maƙeran gida ta tashi sarai, ya mayar da ita zabira. Ta biyu, 'yar Jamus, giɓinta ya yi nisa. Na ce masa ya ajiye ta don tunawa da mahaifinsa, kada ta sake hawa kan kowa. Bai ji daɗi ba, domin ita tsohon ya fi so, amma ya karɓa. Ta uku kaifinta ya dawo, sai dai ramukan gefenta sun ƙi fita. Ita muka ba wa alaramman tsangayar unguwarmu, da ita yanzu gardawansa suke fiƙe alƙalamin gamba.

Tammat. Allah ya gafarta wa marubuci da mai kwafa da iyayensu.